A auna kafin a kwance: yadda ake tada tsohuwar motar daji a Matamaye

Duk wanda ya taɓa yin sammako a tashar motar Matamaye cikin watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, ya san wannan al'amari. Tsohuwar mota mai shan gazuwal tana tsaye, an ɗaure mata kaya tun daren jiya. Direba ya murɗa makulli, inji ya yi gurnani sau biyu, ya yi shiru. Sai yaran mota su diro, fasinjoji su naɗe hannun riga, a shiga turi cikin rairayi. Wata rana ta tashi, wata rana kuwa har hantsi ya dubi ludayi tana nan inda ta kwana, tumatir na laushi cikin kwanduna, mai rake na duban rana.

Kwaltar da ta baro Takeita ta ratso ƙasar Kance, ta bi ta Matamaye har iyakar Nijeriya wajen Ɗan Barto, kowace irin mota tana bin ta. Amma da an sauka daga kanta sai rairayi da kwari da ƙoramu, kuma can ne akasarin jama'a suke zaune. Motar da ke jan ƙafa huɗu, wadda ake kira kat-kat, ita ke fito da rake da kayan lambu daga fadama, ita ke kai ma'aikatan rigakafi ƙauyuka, ita kuma ake nema tsakar dare idan naƙuda ta yi tsanani, ana son a kai mace gidan likita. Saboda haka ranar da irin wannan mota ta ƙi tashi, hasarar ba ta tsaya ga mai ita kaɗai ba.

Darasin da ƙwararrun makanikai suka daɗe da ganewa guda ne: yawancin motocin da ake cewa sun mutu da sauran ransu, kuma wanda ya auna kafin ya kwance shi ne ke gano inda ciwo yake.

Asalin motocin

Iri biyu ne suka yi suna a wannan ƙasa. Ta fari ita ce Land Rover ta Ingila, wadda aka fara ƙerawa a 1948, aka sa mata injin gazuwal a 1957. Samfurinta na uku, wanda aka yi daga 1971 zuwa 1985, shi ne ya yi zamani da manyan ayyukan raya karkara irin wanda aka yi wa laƙabi da 3M, watau Mirya da Magariya da Matamaye. Jikinta na gorar ruwa ne, ba ya tsatsa, shi ya sa har yanzu akan ga gangar jikinta a bayan ofisoshi ko da an daɗe da cinye kayan cikinta. A watan Janairu na 2016 kamfanin ya daina ƙera magajiyarta mai tsohon fasali, wadda ake kira Defender.

Ta biyu ita ce Toyota Land Cruiser ta Japan. Samfurin 40 ya yi aiki daga 1960 zuwa 1984, sannan samfurin 70 ya gaje shi. A 1990 aka fito da injin da ake kira 1HZ, mai silinda shida, mai girman lita 4,2. Shi ne ke cikin da yawa daga motocin ɗaukar marasa lafiya da na ƙungiyoyin agaji, waɗanda daga baya ake yin gwanjonsu su faɗa hannun ƴan kasuwa. Abin da ya sa ake ƙaunarsa shi ne ba kwamfuta ke tafiyar da shi ba. Famfonsa na ƙarfe ne, mai hankali da kayan aiki ƙalilan yana iya gyara shi a gindin gawo.

Akwai kuma wata tsohuwar dangantaka tsakanin wannan inji da ƙasar gyaɗa. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙago shi, ya yi aiki sosai a 1897. A babban baje kolin birnin Paris na 1900 an tada irinsa da man gyaɗa zalla, domin gwamnatin Faransa tana tunanin ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashinta, inda gyaɗa ke da yawa. Matamaye kuwa ta yi zamanin gyaɗa har aka kafa masana'antar matse mai a garin, kafin fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 su karya noman. Wannan tarihi ne kawai: injin mota an daidaita shi ne don gazuwal, ɗanyen man gyaɗa yana da kauri, yana toshe shi.

Yadda injin yake aiki

Kafin a gane cuta sai an gane lafiya. Injin fetur yana bukatar tartsatsin wuta domin mai ya kama. Injin gazuwal bai bukata. Pisto yana tura iska sama cikin silinda, ya matse ta har ta koma wajen kashi ɗaya cikin ashirin na girmanta, sai ta yi zafin da ya zarce digiri 500. A daidai wannan lokaci famfo ke turo gazuwal, bakin feshi da ake kira injakter ya watsa shi kamar hazo, zafin iskar ya kunna shi.

Ke nan abubuwa huɗu ake nema: iska mai tsabta, gazuwal mai tsabta a kan lokaci, matsi mai ƙarfi, da kuma wutar batir da za ta juya inji da sauri a farkon tashi. Da sanyin safiya ƙarfen inji yana shanye zafin iskar, don haka aka sa wa kowane silinda bujin ɗumama, wanda ke yin ja kamar garwashi kafin a murɗa makulli. Idan ɗaya cikin huɗun nan ya gaza, mota ba ta tashi. Aikin makanike shi ne ya gano wanne ne, kuma ya fara da mai arha kafin mai tsada.

Neman ɓatar wuta

A ɗauki misalin motar da ta ƙi tashi da asuba. Mai gaggawa zai ce batir ya mutu, a sayo sabo. Bayan kwana uku abin ya dawo, ya ce demarer ne, watau ƙaramin injin lantarki mai juya babban. Aka canza, bai yi ba, sai ya ce ai inji ya gaji, a sauke shi. Kafin a ankara kuɗin da aka tara na shekara sun tafi, mota kuma tana bisa duwatsu.

Mai natsuwa kuwa ma'aunin wuta yake fara ɗaukowa, ɗan akwati mai waya biyu, ja da baƙa, wanda kuɗinsa bai kai na batir ba ko kusa. Batir mai bolt 12 idan ya cika ya huta yana nuna 12,6. Idan ya nuna 12,0 to saura kaɗan ya ƙare. Sai a sa yaro ya murɗa makulli ana duban ma'auni: idan lamba ta faɗi ƙasa da 9,6 batir ya raunana. Idan mota ta tashi, ya kamata a ga tsakanin 13,8 da 14,4, shaidar altarnater yana mayar wa batir abin da ya kashe. Wasu motocin Toyota batir biyu gare su a haɗe, bolt 24, sai a ninka waɗannan lambobi. A irinsu ba a jan wutar rediyo ko fitila daga batir ɗaya, domin yin haka yana kashe duka biyun.

Sau da yawa batir lafiyarsa lau, hanyar wutar ce ta toshe. Wuta tana fita ta waya mai kauri zuwa demarer, ta komo ta ƙarfen motar kansa, ta wata waya da ke ɗaure batir da inji da gangar jiki, wadda makanikai ke kira mas. Farin gishirin da ke taruwa a kan batir, da tsatsa, da noti mai kwance, duk suna tare wuta kamar yadda yashi ke tare ruwa a lambatu. Ana gane haka idan aka ɗora waya guda ta ma'auni a kan batir, guda a jikin inji, ana murɗa makulli. Idan aka ga abin da ya wuce rabin bolt, to akwai toshiya a tsakani. Maganinsa a kwance, a goge da takardar yashi har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam, a shafa man girishi. Motoci da yawa da aka yanke wa ƙauna nan kaɗai ciwonsu yake.

Sai bujin ɗumama. A motar Toyota kowane buji da hanyarsa, idan guda ya ƙone sauran suna aiki, mota ta tashi da ƙyar tana rawa tana farin hayaƙi. A tsohuwar Land Rover kuwa a jere aka haɗa su kamar ƴaƴan carbi, guda ya tsinke duka sun tsaya. Wanda bai san wannan bambanci ba sai ya canza huɗu alhali ɗaya ne ya mutu. Haka nan a jikin famfon injin 1HZ akwai wani ɗan maƙulli na lantarki mai buɗe wa gazuwal hanya. Idan siririyar wayarsa ta kuɓuce, inji zai yi ta juyi ba zai kama ba, ko da tanki cike yake. Kasa kunne ya isa: idan an buɗe makulli akan ji ɗan ƙas, idan babu sai a bi wayar.

Idan kuwa batir na ƙarewa cikin dare mota tana ajiye, to akwai ɓarawon wuta. Sai a cire wayar mas daga batir, a sa ƙwan fitila tsakaninsu. Idan ya kama alhali an kashe kome, sai a riƙa zare fizibil ɗaya bayan ɗaya, wanda aka zare ƙwan ya mutu, a layinsa ɓarawon yake. Yawanci wayar rediyo ce ko ta fitilar da aka ƙara, aka murɗa ta da hannu aka naɗe da leda. Fizibil kuma mai gadi ne, yana ƙonewa domin kada mota ta ƙone. Wanda ya maye gurbinsa da zaren tagulla ko takardar kwalin taba ya kori mai gadi ya bar ƙofa a buɗe.

Zafin watannin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir. Ruwan da aka tace na musamman ake ƙarawa, ban da ruwan rijiya. Kuma batir yana fitar da iska mai kama wuta, don haka ba a kusantarsa da taba ko ashana, kuma wayar mas ake fara cirewa, ita ake mayarwa daga ƙarshe.

Abin da hayaƙi ke faɗi

Idan wuta ta tabbata lafiya, sai a koma ga iska da mai. Labarin zuciya a tambayi fuska, labarin inji kuwa a tambayi hayaƙi. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, kuma a ƙasar da ƙurar hunturu ke rufe rana, matatar iska ce abin tuhuma na fari. Shuɗin hayaƙi yana nuna inji na ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai warin gazuwal yana nufin mai bai ƙone ba, mara wari kuwa, wanda ke tafe da raguwar ruwan radiyater, alama ce ruwa na shiga silinda.

Tun watan Nuwamba na 2011 matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram, wadda aka gina don tace ganga 20.000 a rana, take fitar da gazuwal na ƙasa. Duk da haka a ƙauye daga jarka da kwalba ake yawan sha, kuma ruwa da yashi da ke kwance a gindin jarka su ne ajalin famfo da injakter. A bar jarka ta kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, a riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin matatar mai. Idan an canza matata sai an fitar da iskar da ta shiga bututu, in ba haka ba mota ba ta tashi. Mai gwada injakter kuma kada ya tara hannu, domin feshin yana da ƙarfin huda fata.

Ranar da ya wajaba a sauke inji

Akwai dai ranar da inji ke gajiya da gaske. Alamunta sanannu ne: shan baƙin mai, rashin ƙarfi a rairayi, hayaƙi na huci ta murfin mai, fitilar mai na ƙyaftawa idan inji ya yi zafi. Amma ko a nan akwai awo. Ana cire bujin ɗumama a ɗaura ma'aunin matsi a kowane silinda, a rubuta lambar, a gwada da abin da littafin kamfani ya faɗa. Idan silinda biyu maƙwabta ne suka faɗi, yawanci shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangarsa ce ta ƙone, watau juwan kulas, kuma ba sai an taɓa ƙasan inji ba. Idan duka suka faɗi, to zobban pisto da bangon silinda sun cinye.

Abin da ya fi kashe waɗannan injuna biyu ne: ƙura da zafi. Ƙurar da ta ratsa yagaggiyar matata tana haɗuwa da mai ta zama dutsen wasa. Zafin da ya wuce kima kuma, sanadin radiyater da ruwan kanwa ya toshe ko ɗamarar fanka da ta tsinke, yana lanƙwasa kulas ko ya tsaga shi. Wanda ya sabunta inji bai wanke radiyater ba ya yi aikin baban giwa.

Sabunta inji aiki ne na tsabta da lissafi. Ba a yin sa a ƙasa, ba a kuma yin sa ranar da iska ke tashi. Akan shimfiɗa tabarma ko katako cikin ɗaki, kowane pisto a yi masa lamba, kowane murfi a ajiye shi yadda aka ciro shi, domin kowanne ya saba da mazauninsa. A wanke hanyoyin mai a busa su. A auna faɗin silinda sama da tsakiya da ƙasa. Idan ya buɗe, sai a kai gangar inji wurin masu injin sassaƙa ƙarfe a Damagaram ko Kano, a faɗaɗa shi daidai da sabon pisto mai ƙarin rabin milimita. Haka ake yi wa babbar sandar ƙarfe mai gwiwowi wadda pistoci ke juyawa: idan aka rage ta, sai a sayo kusine masu lambar da ta dace. Tazarar da ake bari don mai ya ratsa ba ta kai kaurin gashin kai ba, ido da yatsa ba su iya auna ta.

Wajen mayarwa, ba a jera bakin zobba a layi ɗaya. Notocin kulas daga tsakiya ake fara ɗaure su a nufi gefe, mataki-mataki, da maɗauri mai awo, gwargwadon lambar da ke cikin littafi. Ƙarfin damtse da dogon bututu suna tsinke noti ko su bar juwan na yoyo. A injin 1HZ akwai ɗamarar roba mai haƙora da ke daidaita buɗewar bawuloli, wadda ake canzawa a kilomita 100.000 a samfurin farko. Idan ta tsinke ana tafiya pisto ya daki bawul, don haka ba a mayar da tsohuwa cikin sabon aiki. Bayan an tada inji, kilomita dubu na fari sai a hankali, ba lodi mai nauyi, ba gudu, sannan a juye mai a canza matata. Tsohon baƙin mai kuma kada a zubar da shi ƙasa, balle a wannan yanki da ruwa yake kusa a ƙoramu, rijiyoyin lambu ba su da zurfi.

Kayan gyara da bakin iyaka

Makaniken Matamaye yana tsakanin kasuwa biyu da harshe biyu. Abin da ake kira buji a Damagaram, fulogi ne a Daura, gazuwal kuma can gas ake ce masa. Kayan gyara da yawa ta Daura suke shigowa daga Kano, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa. Duk abin da ya taɓa iyaka ko kuɗi ya taɓa gareji. Nijeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa farkon 2024. A watan Janairu na 1994 kuma an karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. Kowane irin wannan lokaci yana koya wa masu motoci cewa abin da ke hannu ya fi wanda za a sayo.

A kasuwa akwai na asali, akwai na jabu, kwalinsu kusan ɗaya. Sunan kaya na iya rikicewa tsakanin harsuna, amma lamba ba ta rikicewa. Wanda ya tafi da lambar inji da lambar kaya a rubuce, da awon da aka yi, ba ya komowa da abin da bai shiga ba. Ko notocin ma sun bambanta: na Toyota da milimita aka yi su, na tsohuwar Land Rover da inci.

Amfanin karatu a gareji

A nan ne yaƙi da jahilci ya haɗu da sana'a. Yaron gareji yakan yi shekaru yana miƙa wa maigidansa sifana, yana koyo da ido da kunne, kuma wannan ilimi ne mai daraja. Amma kunne ba ya bambanta 12,6 da 12,0. Wanda ya iya karanta lamba ya iya rubuta ta ya riga ya riƙe rabin aikin, ko da littafin kamfani da Faransanci yake, domin lambobi da zane harshensu ɗaya ne. Dattijon da ya gama ajin manya, aka naɗa shi ma'ajin ƙungiyar manoma mai mota, yana iya tsare dukiyar jama'a da littafi guda na ƴan makaranta: ranar juyen mai da kilomita, ranar canjin matata, ranar sayen batir, abin da aka gyara da wanda ya gyara. Irin waɗannan injuna a kowace kilomita 5.000 ake juye musu mai, kuma littafin ne zai tuna ranar da kowa ya manta.

Haka abin yake ga shugabannin ma'aikatu. Sayen sabuwar mota yana da biki da jawabi, kuɗin matata da baƙin mai kuwa ba wanda ke yi musu tafi, shi ya sa su ake fara yankewa idan kasafi ya matse. Motar da aka ajiye don ƙaramar matsala, bayan wata guda an ari batir ɗinta, bayan uku an ari tayoyi, bayan shekara kaji na ƙwai a cikinta. Kafin a sa hannu a takardar cewa mota ta mutu, ya kyautu a tambayi abu uku: nawa batir ya nuna, nawa matsin kowane silinda, kuma ina aka rubuta su. Idan ba amsa, to ba a bincika ba tukuna.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, sun kuma ce da tsohuwar zuma ake magani. Tsohuwar kat-kat da aka riƙe da tsabta da awo da rubutu tana iya ƙara shekaru tana hidima tsakanin fadamun Kance da kasuwar Matamaye. Ranar da aka buga ƙofar direba tsakar dare, aka ce a taimaka a kai mai naƙuda gidan likita, wayar mas da aka goge tun rani ita ce za ta sa mota ta tashi da murɗa guda. Allah ya tsare matafiya, ya sa albarka a hannun masu sana'a.